Alamar da Alwala ta Wanke

Idon da yake gani shi suka yanka wa Iya Lauratu, suka bar mata mai yana.

Shekara talatin da ɗoriya tana ɗinkin hula a Faskari. Da allurar nan ta riƙe 'ya'ya biyar bayan rasuwar mijinta, Malam Zailani, ba ta taɓa miƙa hannu ƙofar kowa ba. Idon hagu ya yi yana, amma na dama garau yake, zare komai sirantarsa ita ke zura abinta.

Bara da kaka wata ƙungiya ta zo aikin ido kyauta, suka kafa rumfa. Wani mai farar riga ya haska mata 'yar tocila, ya sa ta ɗora haɓa kan na'urar duba ido, sannan ya ɗauki alƙalami ya yi mata shuɗiyar alama a goshi, saman idon hagu. Shi ke nan shaidarsu. Ba wanda ya ce mata kada ruwa ya taɓa wurin. Layi ya yi tsawo, aka kira azahar, ta yi alwala yadda ta saba tun tana yarinya, tawada ta bi ruwa.

Da aka kwantar da ita, ta ji an sa ɗan ƙarfen da ke buɗe fatar ido a dama. Ta ce, “Likita, ba wannan ba ne, ɗayan ne.”

Ya ce, “Iya, kowa haka yake cewa in ya ga wuƙa. Ku riƙe mata kai.”

Washegari suka cire auduga, suka naɗe rumfa, suka loda almakashinsu da wuƙaƙensu suka tafi. Kwana huɗu idon ya kumbura ya fara ruwa, kafin a yi wata guda idon ya mutu. Yanzu da mai yanar take lalube, inuwa kawai take gani.

Dattawan unguwa sun zo mata da haƙuri, wai ƙaddara ce, kuma ai taimako suka zo yi. Ta bari suka gama, sannan ta ce wa babbansu:

“Malam Rabo, in na yahe ma likitan nan, kai za ka zura mani zare? Ban yahe ba. Ko a kabari aka tambaye ni, ban yahe ba. Allah Ya nuna mashi duhun da nike kwana ciki nike tashi ciki.”

Fuskar likitan ta ɓace mata, amma muryarsa tana nan. Ta ce ko cikin kasuwar garin Sabuwa ya yi tari za ta cafko rigarsa.

To, ku da kuka kawo su kuka tsaya gaba ana ɗaukar hoto, kun san sunansa. Ku faɗe shi. A ƙwace wuƙar daga hannunsa, a kawo shi Faskari ya durƙusa gabanta a bainar jama'a. Idon hagun kuma ku kai ta asibitin kirki a cire yanar, a rubuta a takarda wane ido ne, a kuma tambaye ta da bakinta.