Kawu Gidaɗo da Mota Marar Kuloci

Duk wanda ya taɓa kai wa Kawu Gidaɗo mota a Azare ya san hancinsa ya fi sifanarsa aiki. Za ka zo ranka a ɓace, ka fara zayyana masa abin da motarka take yi, shi ko kallonka ba zai yi ba. Sai ya miƙe daga tsohuwar kujerar motar da ya girke a gindin darbejiyar garejinsa, ya ɗaga bonet, ya zaro sandar gwajin mai, ya shafa a bayan hannu, ya kai hanci ya lumshe ido. In ka ci gaba da surutu ya ce, “Dakata, bari mu ji ta bakinta.” Wani lokacin har da harshe yake ɗan taɓawa. Shi ya sa ba a raba shi da baƙin ɗigo a kan hanci, ko masallacin Juma'a zai tafi sai matarsa Inna Falmata ta tare shi a zaure da tsumma.

Ƙanin mahaifiyata ne, don haka na fi ku shan halinsa. Akwai wasu gwangwanayen madara da ya jera a garejin, cike da tsofaffin notina da 'yan zobban ƙarfe, waɗanda ko kallonsu ka cika yi sai ya tambaye ka me kake nema. Wata rana muna hanyar Dambam zuwa ɗaurin aure, mota cike, mun riga mun makara, sai kawai ya buga wa direba kafaɗa ya ce a tsaya. Muka ɗauka wani abu ya ji a injin. Ya sauka da babbar rigarsa, ya koma baya har sai da ya kusa ɓace mana, ya dawo yana goge wani noti da gefen riga.

Na ce, “Kawu, saboda wannan ka tsayar da mutum goma? Shagon Oga Chidi cike yake da irinsa.”

Ya ce, “Na shago bai taɓa aiki ba. Wannan ya san hanya.”

Muka isa an shafa fatiha, goro ya ƙare. A cikinmu shi kaɗai ya dawo gida da wani abu a aljihu.

Amma abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne akori-kurata. Waɗanda suka san ni da daɗewa sun san cewa a da babbar mota nake ja, har ranar da taya ta fashe da ni, ƙafata ta hagu ta karye wuri biyu. Ɗori ya kama, amma ƙafar ba ta koma daidai ba, ba na iya danna kuloci. Shekara biyu ina zaman benci a tasha, ina kallon waɗanda na koya wa tuƙi suna fita suna dawowa, suna miƙo min ɗan abin shayi. Ba zan ɓoye ba, wannan zaman ya fi karayar ciwo.

A lokacin ne motocin Kwatano suka fara shigowa, aka kawo wata akori-kura otomatik da kowa ya ƙi. Direbobi suka ce motar mata ce. Ni kuwa da na leƙa na ga ba ta da kuloci, ƙafar dama kaɗai take buƙata, sai na ji kamar don ni aka ƙera ta. 'Yan'uwa suka haɗa hannu aka saya min. Na shiga jigilar gero da wake da awaki tsakanin Udubo da Gamawa da Azare, na koma mai fita da safe kamar kowane magidanci.

Ana nan sai lagireto ya fara yoyo ranar wata kasuwar Udubo. Tsofaffin direbobi suka ba ni maganin da kowa ya sani: garin kuka. Na sayi na hannu biyu wurin masu kayan miya, na zuba, yoyo ya tsaya, na ji ni gwani. Ba a yi sati uku ba mota ta canza hali. In na taka totur injin ya yi ta ihu, ita kuma tana rarrafe. Ribas kuwa ta ce sam. Da ƙyar na lallaɓa ta zuwa gindin darbejiya.

Kawu ya zaro sandar man giya, ya shinshina, ya sake shinshinawa, ya taɓa da harshe. Sannan ya juyo ya dube ni.

“Isiyaku, wa ya yi maka miya a giyabos?”

“Miya kuma, Kawu?”

“Kuka. Daddawa da gishiri kawai suka rage.”

Na rantse ban zuba komai a giyabos ba, kuma gaskiya na faɗa. Ya ce ai bai ce a nan na zuba ba. Ya ja ni gaban mota ya nuna min wasu siraran bututu biyu da suka taso daga giyabos suka shige lagireto. Ashe jan man irin wannan mota ta cikin lagireto yake bi ya huce. Bututun ya tsage a ciki, ruwa ya tsallaka, kukata ta bi shi. Da ya kwance farantin ƙasa, abin da ya zubo ba ja ba ne, wani kalar fura da aka zuba wa zoɓo, ga yauƙi yana bin yatsa. Matatar man ta toshe ɗam.

Kafin ka ce me, kanikawan layin sun taru, har da Oga Chidi mai kayan gyara, wanda ya daɗe a Azare har Hausarsa ta fi tawa karin magana. Ya leƙa ya girgiza kai.

Ya ce, “Baba, wannan ba mai buɗe ta a garin nan. Ina da giyabos mai kuloci a shago, lafiyayye. A cire wannan a sa shi, jibi mota tana kan titi.”

Kowa ya ce haka ne, haka ake yi wa duk otomatik ɗin da ta lalace. Ni dai na sunkuyar da kai ina kallon ƙafata. Na san in aka sa kuloci, motar za ta tashi, amma wani ne zai ja ta, ni kuma bencin tasha yana nan yana jirana. Har na buɗe baki zan ce a yi hakan.

Kawu ya riga ni. Ya ce, “Chidi, kana sayar da ƙafar hagu a shagonka?”

“A'a, Baba.”

“To in za ka aika saro kaya, ka sa a nemo min faya-fayan cikin wannan da matatarsa. Sauran aikina ne.”

Washegari ya sauke giyabos, ya sa aka kai masa tsakar gida, wai gareji akwai ƙura da 'yan ba da shawara. Ya shimfiɗa farin zanen gadon Inna Falmata a kan tabarma. Duk abin da ya zaro sai ya wanke da fetur, ya zura shi a igiyar rama bi da bi, ya ɗiga masa alama da alli. Ba a magana in yana aiki. In na yi tari ya harare ni. Na zauna gefe ina cewa a raina, lallai Kawu ya san abin nan kamar tafin hannunsa.

A cikin kayan akwai wani faffaɗan ƙarfe mai hanyoyi birjik kamar gidan tururuwa, wanda man yake bi ya canza giya. Cikinsa akwai 'yan ƙananan ƙwallayen ƙarfe, ba su kai ƙwayar wake ba, guda bakwai. Ya zuba su a murfin kwano ya tafi sallar azahar. Ya dawo ya tarar da shida, ga kuma jar kazar Inna Falmata tsaye tana miƙa wuya.

Na ce, “Kawu, a yanka ta kawai.”

Ya ce, “Kazar da take ƙwai? Abin da ya shiga ai zai fito.”

Na ce to a ɗauko na keke mana, cikin gwangwanayensa akwai su fal. Ya ce na keke na keke ne. Haka ya ɗaure kazar nan a kan babban tire, kwana uku, ya ari rariyar tankaɗe yana tace abin da ba sai na faɗa ba. Mutum mai furfura, safe da yamma, yana tsugune gaban kaza yana lallashinta da Fulatanci. A rana ta huɗu Inna Falmata ta ga abin da aka mayar da rariyarta, sai ta kira maƙwabci ya yanka kazar. Aka tarar da ƙwallon a ƙundu, ya goge yana ƙyalli. Da aka kawo abinci Kawu ya sa hannu ya ɗauke ƙundun, ya ce shi ya yi jinyarsa.

Kayan Oga Chidi suka iso, ya mayar da komai yana zarewa daga igiya ɗaya bayan ɗaya. Lagireto kuwa ya ƙi a sayi sabo. Ya wanke shi, ya toshe tsagaggen bututun, ya jawo ragar wani mataccen iyakwandishan da ta shekara goma a bayan ɗakinsa, ya ɗaure ta a gaban mota, ya ce daga yau man giya ta nan zai riƙa shan iska, ba ruwansa da ruwa balle kuka.

Muka fita gwaji hanyar Gamawa da hantsi, yana zaune gefena, hannunsa a kan gwiwa. Na taka. Ta ɗauki ta ɗaya, ta miƙa wa ta biyu, ta shige ta uku ko motsi ban ji ba. Na tsaya na sa ribas, ta ja baya. Hawaye suka zubo min, ban iya ɓoyewa ba. Ya ce, “Kai dai kalli titi.” Can ya ce in tsaya zai zaga bayan wata tsamiya. Ya daɗe ƙwarai, har na fara tunanin ko kazar ce ta ɓata masa ciki.

Motar nan ta yi min shekara tara bayan haka. Da ita na aurar da 'ya'yana mata biyu. Shi kuma Kawu tsufa ya kama shi, ido ya yi rauni, ya rufe gareji ya koma gidan gado a Katagum. A ciwonsa na ƙarshe na je duba shi, na tarar da shi a zaure kan tabarma. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi mota. Na ce tana nan ƙalau, kuma har gobe ina faɗa wa mutane ba wanda ya san otomatik a ƙasar nan kamarsa.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, “Isiyaku, taka ce ta farko da na taɓa buɗewa, ita ce kuma ta ƙarshe. Wallahi ban san abin da zan tarar a ciki ba. Ranar gwaji da na zaga bayan tsamiya, sujada na yi.”

Na ce, “Haba Kawu, me ya sa ba ka faɗa min ba?”

Ya ce, “Da na faɗa, da ka yarda an sa kuloci. Ni kuwa na gaji da wucewa ta tasha ina ganin ɗan yayata a kan benci.”

Bai ƙara sati biyu ba ya rasu.

Allah Ya jiƙan Kawu Gidaɗo, Ya gafarta masa, Ya yalwata masa makwancinsa. Yadda ya tsayar da ni a kan ƙafata lokacin da ta gaza, Allah Ya tsayar da tasa ranar tsallake siraɗi. Amin.