Tsohon Da Ya Ta Da Autan Yatsu

Kullum da hantsi, kafin masu shaguna su gama share ƙofa, tsohon ya riga ya buɗe ɗakinsa da ke bayan shagon kafinta. Ba wani ɗaki ba ne: benci biyu, madubi mai tsagewa jingine da bango, da jita huɗu rataye a ƙusoshi. Sai ya sauke su ɗaya bayan ɗaya, ya goge tsirkiyoyin da tsumma, ya ɗaɗɗaure su yana kara kunne, sannan ya tsoma hannuwansa cikin ruwan ɗumi, domin sanyin ƙashi ya fara cin gaɓoɓinsa. Shekara talatin da biyu ke nan yana haka. Duk layin Malam ake ce masa. Ƙarshen watan nan zai rufe ɗakin, yatsun sun gaji. Gara a faɗi abin da ya yi tun yana ji da kunnensa, ba sai ya kwanta dama mu taru muna zuba yabon da ba zai amfane shi ba.

A ɗakin Malam da yatsu ake kiɗa, kowanne da aikinsa. Duk wanda ya zauna a bencinsa kuwa ya san inda ake faɗuwa: ƙaramin yatsan hagu, wanda Malam ke kira auta. "Shagwaɓaɓɓe ne," in ji shi, "yayyensa sun saba yi masa aiki."

Ku tambayi bakaniken garejin ƙarshen layi, wanda ake ce wa Dogo. Wansa ya rasu ya bar kiɗa guda da ya tsara da kansa. Ba a rubuta ba, ba a ɗauka a waya ba, a hannun Dogo kaɗai ya rage. A cikin kiɗan akwai wurin da manuni zai tsaya a gidan farko cikin gidajen da aka rarraba a wuyan jita, auta ya miƙa har gida na biyar. Bara murfin injin mota ya faɗo wa Dogo a hannu, auta ya karye. Ya warke, amma ya zama rago. Sai ga 'yar marigayin, wadda Dogo ya riƙe tun tana ƙarama, an sa bikinta wata uku.

"Baffa, abu ɗaya nake so ranar," ta ce. "Kiɗan Baba."

Ya ce to. Da ya koma ɗaki ya gwada, auta ko gida na huɗu bai kai ba. Sai ya yi maganin bakanike: ya ɗaura wa yatsan noti da zare yana ɗagawa sau ɗari, ya cusa sifana tsakanin yatsu wai su buɗe. Mako biyu wuyan hannunsa ya kumbura. A haka ya shigo wurin Malam.

"Wa ya yi maka wannan ta'asa?"

"Ni ne, Malam. Ƙarfi nake ba shi."

"Ƙarfi? Yatsa ne ko jek ɗin ɗaga mota? Riƙe jitar in gani."

Dogo ya damƙi wuyan jitar, babban yatsansa ya leƙo ta sama. Malam ya juya masa madubi.

"Dubi kanka. Sifana ka riƙe, ba jita ba. Shekara nawa kana shaƙe ta haka? A da ƙarfin ƙuruciya ke rufa maka asiri, yanzu ya tafi. Auta ba shi da laifi, babban wansa ne ya tare masa hanya. Ka je asibiti su duba hannun nan, kuma mako biyu kada ka taɓa tsirkiya."

"Malam, lokaci fa na ƙurewa!"

"To koma wa notinka. Ranar biki sai ka hau ka yi musu tafi."

Dogo ya bi umarni. Da ya dawo, Malam ya mayar masa da babban yatsa bayan wuyan jitar, daidai da na tsakiya. Ya sa shi fara miƙar daga can kusa da gangar jikin jitar, inda gidajen suke ƙanana, kowane mako a ja baya gida ɗaya. Dannawa kuma a hankali, iya yadda tsirkiya za ta daina zuza, kada a ƙara. Minti goma, in ciwo ya leƙo a ajiye. Kafinta shaida ne, don ta bangonsa sautin ke ratsawa. "Malam," ya ce wata rana, "zartona ya fi ɗalibin nan naka daɗin ji." Malam ya ce, "Zartonka ma da koyo ya fara."

Saura kwana takwas biki, manunin Dogo na gida na biyu, bai iso na farko ba, tsirkiya na zuza. Ya ajiye jitar.

"Malam, bari in koya maka kiɗan, kai ka kaɗa mata."

Tsohon ya miƙo hannuwansa, gaɓoɓin sun kumbura. "Waɗannan sun gama nasu. Kuma ba kiɗan Malam ta ce ba. Sassauta kafaɗa, mu sake."

Ranar bikin, kafinta na zaune kusa da Malam a kujerun baya. Ya ce da kiɗan ya doshi wurin nan, sai ya ga autan tsohon yana miƙewa a kan gwiwarsa, numfashinsa ya tsaya. Dogo ya miƙa. Sautin ya fita tas, ba zuza, ba ɗar. Amarya ta rufe fuska da tafukanta ta ce, "Haka Baba yake yi." Malam ya saki ajiyar zuciyar da sai da na gabansa suka waiwayo.

Kai ne, Malam, wanda bai taɓa yi wa ɗalibi ƙarya don ya ji daɗi ba. Kai ne ka san cewa abin da ake kira rauni, sau da yawa mugun riƙo ne. Ba a taɓa kiran sunanka a lasifika ba, amma kiɗan mamaci ya rayu ta dalilinka. Mun gode. Allah Ya sassauta maka ciwon nan, Ya saka maka da alheri.

Ku kuwa masu koyarwa, da iyaye, da shugabannin wurin aiki: kafin ku ce wa na ƙasa rago, ku duba ko na sama ne ya tare masa hanya. Kafin ku ƙara wa mai rauni nauyi, ku gyara masa riƙo. Garaje ba ƙwazo ba ne.

Shekaranjiya Malam ya fara kwashe kaya. Ya ba Dogo madubin da benci ɗaya, ya ce ya buɗe wa masu son koyo ƙofa ranar hutunsa. Dogo ya zaro notin nan daga aljihu, har da zarensa, ya ce a ajiye don tarihi.

"Mayar da shi jikin mota," in ji Malam. "Can ne aikinsa yake."