Agogon da Yaya Sani Bai Kai Ga Saurara Ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Malam Sani mai gyaran agogo a Ƙofar Gayan, amma sai bana na yarda ya kayar da ni a gardamarmu.

Yaya ba ya buɗe agogo sai ya kara shi a kunne, ya lumshe ido, sannan ya faɗi inda ciwon yake. A gindin teburin aikinsa 'yarsa Hadiza ta taso. Da ta ce ilimin taurari za ta karanta, na fi kowa tayar da jijiyar wuya. Shekara talatin ina aikin gwamnati, ban taɓa ganin ofishin da ke neman mai kallon sama ba! Yana kwance a ciwon ajali ya riƙe hannuna ya ce, "Garba, ka ƙyale ta. Yarinyar nan tana da kunne." Na ƙyale ta saboda alkawari, amma wallahi a raina gani nake mun cuce ta.

Watan jiya ta zo gida daga Afirka ta Kudu, yanzu Dakta Hadiza ce. Bayan La'asar, a zaure, ta miƙo mini wayarta. "Baba Garba, saurara." Na ji ƙas, ƙas, ƙas, ba gaggawa ba jinkiri. Na ce agogon wa? Ta yi dariya ta ce tauraro ne. Wai ƙato ne da ya fashe, ragowarsa ta dunƙule ba ta fi faɗin Zariya ba, tana juyawa tana aiko da sigina a kan lokaci. Aikinta da abokan aikinta shi ne su saurari irinsa da manyan farantan kama sigina. In bugun ya yi gaba ko baya da ɗan ƙiris, su bi sawun dalili. Ta haka masana suka fara jin alamar cewa sararin samaniya kansa yana motsi.

Ikon Allah! Sana'ar ubanta ce sak, teburin ne kawai ya ƙara girma.

Me Yaya zai ce yau? Na san ba zai yi mini gori ba, wayar zai karɓa ya kara a kunne. Ni kuwa majalisarmu na nufa da wayar, duk wanda ya taya ni gardama a wancan lokaci sai da na sa ya saurara.

Shagon Yaya ya koma wurin cajin waya, agogunan sun watse. Na tambayi Hadiza ko tauraron nan yana raye. Ta ce, "Ya daɗe da mutuwa, Baba, bugun ne bai tsaya ba."

Allah ya jiƙan ka, Yaya. Ka yi gaskiya, tana da kunne.