Ranar da Minista Ya Yi Mini Kyautar Injina

Karatuna na boko bai wuce aji uku ba, aji ukun ma ta taga na fi ganinsa. Abin da na tsira da shi kawai haɗa baƙi a hankali, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Saboda haka ban taɓa zaton akwai ranar da zan tsaya gaban minista da lasifika a bakina ba. Ban nema ba. Injina ne ya kai ni.

Injin ban ruwa ne, tsoho, wanda nake noman rani da shi a fadamarmu ta bayan Argungu. Asalin launinsa ja, amma rana da laka sun mayar da shi launin tsohuwar goro. Igiyar tayar da shi ta tsinke tun tuni, na ɗaura masa ta kamun kifi, mariƙin kuma guntun ƙotar fartanya ne. Yana da hali. In ka ja shi yana zaune daidai, ko ka kwana kana ja ba zai tanka maka ba. Sai ka karkata shi hagu, ka tokare da dutse, ka rufe iska rabi, ka ja a hankali sau biyu kamar mai lallashi, sa'an nan ka fizga. Matata ta ce halina ya ɗauko: da safe sai an bi shi da dabara, in ya fara surutu kuma ba mai tsayar da shi.

A ranin da nake ba da labari shinkafata ta yi ciki. Wanda ya san shinkafa ya san lokacin nan ba ta yafe ƙishirwa. Kwana uku ba ruwa ta fara naɗe ganye, in aka kai mako sai dai ka girbe ƙaiƙayi.

Ran wata Litinin da hantsi sai ga malamin gona a kan babur ɗinsa. Mutum ne mai fara'a da takalmi mai tsabta. Shekaru yana zuwa fadama, ban taɓa ganin laka ta wuce dugadugansa ba, kuma kullum sai rana ta ɗaga yake isowa, injina ya riga ya tashi yana aiki.

Ya ce, "Baba, albishirinka. An zaɓe ka."

A rayuwata duk ranar da aka ce an zaɓe ni, wani abu nawa ne zai bar gida. Na ce, "Malam, an zaɓe ni in yi mi?"

Ya bayyana mini. Minista zai zo Birnin Kebbi jibi ya ƙaddamar da rabon injinan ban ruwa ga manoma. Injinan suna kan hanya, mota ce ta ɗan samu matsala. To ba a son babban baƙo ya zo ya ga fili wayam, don haka za a ari na manoman kirki a jera, kwana biyu kacal. Wanda ya ba da nasa, sunansa ne a sama in sababbin suka iso.

"Kuma naka, Baba, shi za mu sa a gaba. Duk fadamar nan ba mai jan ruwa irinsa."

Nan ya kama ni. Ka yabi ɗana in yi maka godiya, ka yabi injina in ba ka shi. Na lissafa a zuci: na ba da tsoho kwana biyu, in samu sabo a kai. Ni ne mai wayo. Da hannuna na taya aka ɗora shi a bayan a-kori-kura, har ina ce wa direba ya bi ramuka a hankali.

Da na koma gida matata ta dube ni ta ce, "Kai da ko allura ka ba maƙwabci aro sai ka bi shi gida, gwamnati ka ba inji?"

Na ce mata harkar manya ce, ba za ta gane ba.

Laraba ta zo, minista bai zo ba. An ce wani taro ya riƙe shi, sai Asabar. Asabar aka ce jirgi ne, sai Talata. Na kira malamin gona har wayarsa ta koyi cewa ba ya kusa. Maƙwabtana na fadama rabinsu sun ba da nasu kamar ni, sauran kuwa kowa na fama da tasa gonar. Ɗaya ya ba ni nasa na rabin yini, bayan ya gama yi mini dariya son ransa, na jiƙa fangalolin da ke gangare. Na tudu kuwa ƙasa ta tsage har kana iya sa yatsa. In na tsaya a bakin gona sai in ji ganyen na ƙara kamar takarda.

Ran Talata na sa rigar Juma'a na hau mota zuwa Birnin Kebbi. Niyyata ɗaya: a gama abin da za a yi in ɗauko kayana.

Filin ya sha rumfuna da kujeru. Ga injina nan a jere, sahu-sahu, duk an shafe su da koren fenti, an manna wa kowanne takarda mai hoton minista yana murmushi. Mai fentin ma ba ya wasa da aiki: har lakar da ta bushe a jikinsu ya bi ya shafe. A baya an tara kwalaye masu kyalli har sun fi mutum tsawo, don a ce daga ciki aka fito da su. Iska ta ɗan taso, ɗaya ya faɗo ya yi ta mirginawa cikin fili kamar kaza, wani ma'aikaci ya bi shi da gudu ya rungume.

Nawa na hango shi tun daga nesa. Yana gaba, kusa da wani babban duro cike da ruwa, an haɗa masa mesa. An yi masa kore har ƙotar fartanyar. Wallahi sai da na ji kunya a madadinsa, kamar ka ga tsoho an yi masa kwalliyar amarya.

A gefe guda an zaunar da waɗanda za a raba wa. Na dube su ɗaya bayan ɗaya. Fararen riguna, tafin hannu sumul kamar na jarirai. In waɗannan manoma ne, to ni likita ne. Mu masu injinan kuwa muna bayan igiya, cikin rana.

Sai bayan azahar jiniya ta tashi. Minista ya sauko, mutum mai cika riga, yana ɗaga hannu ko'ina har wajen da ba kowa. Aka yi jawabai. Kowa ya tashi sai ya gaida duk wanda ke rumfa da sunansa da muƙaminsa, kafin ya gama gaisuwar ya manta abin da ya kawo shi. Da aka zo kan minista ya faɗi yawan injinan da gwamnati ta saya, wata lamba mai tsawo da ta shiga ta kunnen dama ta kasa samun wurin zama. Ya ce daga yau babu manomin da zai sake kukan ruwa a wannan kwari. Aka yi tafi. Na duba sai na ga ni ma ina tafawa. Hannun talaka ba ya shawara da shi.

Daga nan aka ce mai girma minista zai tayar da inji ɗaya da hannunsa mai albarka. Masu ɗaukar hoto suka yi caa. Ya naɗe hannun riga, ya kama ƙotar fartanyata, ya ja.

Shiru.

Ya sake ja. Injin ya yi wani ɗan tari na raini ya koma barci. Na uku, na huɗu. Kwamishina ya ce a ba shi, ya fizga da ƙarfi har hularsa ta faɗa cikin duro. Wani ya ce man ne ba shi da kyau. Wani ya ce sabo ne, bai saba ba. Malamin gona yana tsaye gumi ya jiƙa masa wuya. Shi dai ya san injin da jan ruwa, bai taɓa zuwa da sassafe ya ga yadda ake roƙonsa ba.

Ni kuma abin da ya dame ni igiyar. Na ga suna neman tsinke ta. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ku karkata shi hagu, don Allah! Za ku kashe shi!"

Wani jami'in tsaro ya riƙe mini kafaɗa. Amma minista ya hango farin gemu da tsohuwar hula, ya ga abin da hoto ke so. Ya ce, "Ku bar Baba ya zo. Zo, Baba, zo."

Na tsallake igiya. Na nemi dutse ban samu ba, filin an share shi tas, sai na cire takalmina ɗaya na tokare shi. Na rufe iska rabi. Na ja a hankali, na sake ja, na ce masa a kunne, "Kai, kada ka kunyata ni gaban baƙi." Na fizga.

Ya tashi da ruri. Mesar da ba wanda ya riƙe ta yi tsalle ta wanke takalman sahun gaba. Fili ya ɗauki tafi da guɗa. Minista ya dafa ni yana dariya, ya karɓi lasifika.

"Kun gani? Manomanmu a shirye suke! Baba, a ina ka koyi sarrafa sabon inji irin wannan?"

Ya miƙo mini lasifikar har tana taɓa gemuna. Na so in yi ƙarya, Allah ya sani, don na iya. Amma sai na tuna da ganyen nan mai ƙarar takarda.

Na ce, "Ranka shi daɗe, ni da wanga inji mun daɗe tare. Nawa na. Ga ƙotar fartanyata nan, ga igiyar kamun kifina. Aro anka yi, anka ce kwana biyu, yau kwana tara. Shinkafata na can tana mutuwa. Waɗancan na baya ma duk na mutanenmu na, ga su can cikin rana. To ni tambayata guda: namu dai ga su, mun gani. Naku da kac ce an saya, ina su?"

Injin kaɗai ke magana.

Minista bai daina murmushi ba, sai dai murmushin ya bushe a fuskarsa kamar fentin. Ya juya ya dubi kwamishina. Kwamishina ya dubi babban sakatare. Babban sakatare ya dubi darakta, darakta ya dubi malamin gona. Malamin gona ya waiga bai ga kowa a bayansa ba, sai ya dube ni. A ranar na gane tambaya a wurin gwamnati kamar ruwa take, gangare take bi har ta taru a kan wanda ya fi kowa ƙasa.

Minista ya yi gyaran murya. Ya ce wannan dattijo ya nuna gwamnatinsu mai sauraron jama'a ce. Ya ce za a kafa kwamiti ya duba inda aka samu tsaiko.

Na ce, "Ranka shi daɗe, shinkafa ba ta san kwamiti ba."

Amma an riga an janye lasifikar, gemuna kaɗai ya ji. Sai minista ya ɗaga hannuna sama kamar na ci dambe, ya ce tunda Baba yana ƙaunar wannan inji, shi a matsayinsa na minista ya ba shi kyauta, nan take. Aka yi tafi mai ƙarfi, irin na mutanen da aka cire wa ƙaya. Aka ɗauke mu hoto, shi da takalmi biyu, ni da ɗaya.

Kuma na ce na gode. Wannan ita ce ba na yafe wa kaina. Mutum ya ba ni abina, bakina ya ce na gode, har da ɗan rusunawa.

Motocinsu na fita, masu fararen riguna suka karɓi abincinsu a leda suka watse, ba wanda ya ko waiwayi injin da aka ce an ba shi. Mutanenmu suka tsallako igiya, sai rigima ta kaure, don duk an zama kore, kowa na kankare fenti da farce yana neman alamar nasa. Malamin gona ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Baba, ka kashe ni."

Na ce, "Malam, zo fadama gobe da asuba ka ga wanda anka kashe."

Bai zo ba.

Na ɗora injin a babur ɗin kabu-kabu zuwa tasha, na rungume shi a mota har Argungu. Kafin magariba ruwa na gudu a gona. Fangalolin gangare suka farfaɗo. Na tudu na yi ta ba su ruwa kwana da kwanaki kamar mai ba gawa magani, suka fitar da kai fari fat, ba ƙwaya.

Washegari rediyo ta ce minista ya share hawayen wani tsohon manomi da kyautar sabon inji, har tsohon ya kasa magana don murna. Matata na tankaɗe a tsakar gida, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Kai ne ka kasa magana? To lallai minista ya yi aiki."

Bayan watanni, da ruwan sama ya riga ya sauka ba mai bukatar inji, aka ce sababbin injinan 'yan kaɗan sun iso. Na je ofis, don ba ni da zuciya. Wani ma'aikaci ya bi takarda da yatsa ya tsaya a kan sunana, ya juyo mini da ita. Na haɗa baƙin a hankali, da ajina uku. An rubuta: ya karɓa. Har da hotona a manne, hannuna a sama.

A girbin shekarar buhunan da na saba cikawa rabinsu a naɗe suka kwana. Matata ta sheƙe shinkafar tudu, iska ta kwashe kusan duka, abin da ya rage a faifai ta zuba wa kaji. Har yau in ta ga na karkata injin ina lallashinsa da safe, koren fentin na ɓarewa hoton minista ya koɗe saura haƙora, sai ta ce in bi shi a hankali, kayan gwamnati ne.