Mai Gwangwani da Balbelun Titin Jirgi

Jawo kujerarka kusa, ka kife wayar nan tukuna, in ba ka labarin mutumin da jirgin sama ba ya sauka sai ya share masa hanya, amma shi ko sau ɗaya bai taɓa sa ƙafa a cikin jirgi ba.

Mai Gwangwani ake ce masa. Aikinsa korar tsuntsaye daga titin jirgi, a wani ɗan filin jirgin sama da ke bayan gari, inda jirage huɗu ke sauka a wuni, duka na cikin gida. Kada ka yi dariya. Tsuntsu guda in ya faɗa injin jirgi, sai salati. Shekara ashirin da bakwai yana wannan aiki. An ba shi bindigar iska mai ƙara kamar tsawa, an ba shi tsohuwar mota mai jiniya, amma ya fi yarda da wani gwangwanin fenti da ya zuba wa ƙusoshi, kullum yana rataye a ƙugunsa. Ya ce tsuntsaye sun daɗe da gane bindigar ba ta da harsashi, gwangwanin ne har yau suka kasa gane kansa.

Ya san halinsu kamar shi ya haife su. Hankaka ɗan rainin wayo ne, shirwa 'yar sa ido ce, balbela kuwa cikinta ne ubangidanta. Dokarsa guda ce: ciyawar gefen titi kada ta gaza taƙi ɗaya. Yakan durƙusa ya buɗe hannu ya auna, daga babban yatsa zuwa ɗan ƙarami. In ciyawa ta yi tsawo, tsuntsu ba ya ganin abinci, ba ya hango abokin gaba, don haka ba ya zama. In aka aske ta, fara da ƙwari su fito fili, ka yi wa tsuntsayen duniya gayya.

A gida daga shi sai matarsa. 'Ya'ya duk sun kama gabansu, amma wadda ta yi nisa ita ce Auta, ma'aikaciyar jinya, da ta bi mijinta wata ƙasa shekara shida ke nan. Zuwa gida sai ta canza jirgi uku, ta kwana biyu a kujerun jira, hutun nata ya ƙare a hanya. Ta haifi 'ya mace, aka sa mata sunan mahaifiyar Mai Gwangwani, shi ya sa Uwata yake ce mata. Shekararta huɗu, bai taɓa ganinta ba sai a waya, inda rabin fuskarta ke daskarewa in yana tsakiyar magana.

Wata rana da azahar, ma'aikata na hutawa a ɗakin canza kaya, rediyo ya ce gwamnati ta amince da sababbin hanyoyin jirage zuwa ƙasashen waje, bisa yarjejeniyar sufurin sama da ta ƙulla da ƙasashen. Aka fara jero filayen da abin ya shafa. Sai ga sunan nasu! Aka jero ƙasashen. Sai ga ƙasar da Auta take!

Kai, wurin nan ya rikice. Masu dako suka ɗaga shugabansu sama, suka manta da fanka. Mai shara ta yi rawa da tsintsiya. Mai Gwangwani ya kaɗa gwangwaninsa a cikin ɗaki, abin da bai taɓa yi ba, sannan ya hau keke, bai san yadda ya iso gida ba.

"Maman Auta! Ajiye wankin nan, gwamnati ta sa hannu a yarjejeniya!"

"A kan me kuma? Wace ce yarjejeniya?"

"Kamar ke da maƙwabciyarki ce. Kajinta su shigo gidanki, naki su shiga nata, amma sai kun zauna kun yanka magana: sau nawa a mako, ta wace ƙofa. To an yanka. Jirginsu zai zo nan sau uku a mako, kai tsaye, babu ya da zango."

"Baban Auta, kai komai sai ka kai shi ga tsuntsaye. Ka ce min 'yata za ta zo kawai!"

Kafin su rufe baki waya ta yi ƙara. Auta ce, tana ihu, wai ita da Uwata za su biyo jirgin farko.

Wata biyu aka yi ana shiri. Aka yi wa bango fenti, aka yi wa fentin fenti. Aka kafa teburan masu duba fasfo, aka ɗinka wa kowa sabuwar riga. Manajan filin ya rame don murna, har bishiyoyi ya sa aka shafa wa farar ƙasa. Ana gobe jirgi zai sauka, Mai Gwangwani ya karɓi hutun wuni guda, na farko a shekarar, don ya gyara ƙafar gadon da Auta za ta kwanta, ya kuma ɗaura wa Uwata lilo a tsakar gida.

Washegari ya shigo fili da sassafe cikin sabuwar rigarsa, yana fito. Sai ya ja birki. Wani ƙamshi ne ya daki hancinsa, ƙamshin ɗanyar ciyawa. Ya ɗaga kai ya duba.

An aske ciyawar gefen titi tas, kamar kan jariri. A kanta kuwa balbelu ne, fari fat, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kai ka ce an shanya wankin gari guda. Kowacce ta duƙufa tana tsintar fara.

Ya tarar da Dogo, direban taraktan yankan ciyawa, yana goge takalmi.

"Dogo! Wa ya aike ka?"

"Manaja ne. Wallahi Baba na faɗa masa dokarka. Ya ce manyan baƙi za su zo, ba za a nuna mu a talabijin da ciyawa kamar kango ba."

Mai Gwangwani ya shiga mota ya saki jiniya. Ya harba bindigar iska. Ya kaɗa gwangwani har kafaɗarsa ta yi tsami. Balbelu su tashi fir, su zaga sau ɗaya don girmamawa, su dawo su ci gaba da kalaci. Can sai na'urar magana ta yi ƙara, mutumin hasumiyar da ke ba jirage izinin sauka ne.

"Baba, jirgin zai iso sha ɗaya daidai. In titi bai tsarkaka ba, matuƙi ba zai sauko ba, babban filin can wani gari zai wuce da su."

Wani gari! Tafiyar wuni guda a mota. Shekara shida yana jira, a ce Uwata ta wuce ta saman kansa saboda tsuntsu? Shi, Mai Gwangwani? Ƙarfe tara da rabi ta gota.

Ya samu Manaja a bakin jan kafet, cikin kwat, gumi na tsiyaya.

"Ranka ya daɗe, ka ba ni Dogo da tarakta."

"Yankan ciyawa ya jawo mana wannan bala'i, kuma ka ce a ƙara?"

"Mai cin abinci ba a korarsa, yallaɓai, tayi ake yi masa na wanda ya fi daɗi. Farar nan ta kwana, sun kusa cinye ta. Can bayan tsohon sito, nesa da hanyar jirgi, akwai ciyawar da ta kai ƙugu. In tarakta ta shiga, fara za ta yi ta tsalle da ranta. Balbela ba ta ganin tarakta ta ƙyale."

Manaja ya dubi agogo, ya dubi farin titi. "Baba, ɗauki tarakta. Ɗauke ni ma in kana so."

"Ina so kuwa. Da duk masu riƙe da tutoci."

Abin kallo! Hasumiya ta ba da izini. Dogo ya bi gefen titi a hankali yana tayar da ƙarar inji, sannan ya miƙe bayan sito ya afka cikin doguwar ciyawa. Fara ta tashi kamar hayaƙi. A nan kuma Mai Gwangwani ya jera rundunarsa: masu dako, mai shara, masu duba fasfo da sababbin huluna, kowa na kaɗa 'yar tutar da aka raba don tarbar baƙi, Manaja a tsakiya yana kaɗa kwat ɗinsa yana cewa, "Don Allah ku yi haƙuri, ku tafi!" Gwangwani na gaba yana ba da amo.

Balbela ɗaya ta ɗaga wuya, ta hango tarakta. Ta tashi. Biyu suka bi ta. Kafin ka ce kwabo fari ya yaye daga titi kamar an janye zani, duka suka rufa wa Dogo baya, yana tafe suna biye kamar ya ci zaɓe.

Sha ɗaya saura minti shida, Mai Gwangwani ya zaga titi a mota, bai ga ko gashin tsuntsu ba. Ya danna na'ura ya ce: "Hasumiya, hanya ta yi."

Jirgin ya fito daga gajimare, ƙato, wanda bai taɓa ganin irinsa ba sai a kalanda. Tayoyi suka taɓa ƙasa, fili ya ɗauki sowa. Shi dai yana tsaye a bakin titi, sabuwar riga ta yi kaca-kaca da ciyawa, yana dariya hawaye na zuba.

A ɗakin isowa Auta ta yar da jaka ta ruga ta rungume uwarta, sannan ta juyo. "Baba! Haka za ka tarbe mu, kamar ka fito daga gona?"

"Ke dai yi shiru, ba ki san wa ya sauke ki ba."

Manaja da ke wucewa ba kwat ya tsaya ya ce, daga yau ko almakashi ba za a kai kusa da ciyawar nan ba sai da sa hannun Baba.

Mai Gwangwani bai ma ji shi ba. Ya durƙusa gaban wata 'yar mitsitsiya mai kitso biyu, fuskarta cikakkiya, ba inda ya daskare.

"Uwata, kin gane ɗanki?"

Ta ƙare masa kallo, ta taɓa gwangwanin, ta yarda ya ɗauke ta. Ya kai ta jikin babbar taga don ya nuna mata jirgin da ya kawo ta. Ko kallon jirgin ba ta yi ba. Can nesa ta hango, inda fararen tsuntsaye ke shawagi bayan tarakta. Ta buga gilashi da tafin hannu, tana tsalle a kafaɗarsa.

"Kaka! Kaka, ina son su! Kira min su su zo nan!"

Maman Auta ta riƙe ciki don dariya. To kai da ka zauna ka ji, taimaki bawan Allah: mutumin da ya shekara ashirin da bakwai yana korar tsuntsu, yau uwarsa ta ce ya kira mata su, me zai ce mata?