Katangar da maigidana ya karkatar

Maigidana ba ya neman gidan saye sai da damina. Da an ɗauke ruwa zai naɗe wando ya hau keke, ya bi ƙauyukan gefen Rufa'a yana leƙen kangaye, ya ga wanda ruwa ya kwanta a gindinsa da wanda ya tsane. Mai tsanewa shi yake saye, ya yaɓe, ya sake rufi, ya sayar. Nakan ce masa da ni yake kallo haka, da tuni na yi ƙiba.

Wata shekara banki ya yi gwanjon gidan wani manomi da audugarsa ta ƙi. Kuɗinmu bai kai ba, na tuɓe awarwarona biyu na zinariya, na mahaifiyata, na ba shi ya jinginar. Ya rantse suna dawowa da an sayar.

Muna cikin gyara, wata tsohuwa ta riƙa zuwa kowace Juma'a. Uwar manomin ce, tana raɓe a gidan maƙwabta. Takan share wata kusurwa a gindin lalle, ta yayyafa ruwa, ta fita.

Maigidana ya tambaye ta, "Inna, mi ag ga wurin ga?"

Ta ce, "Cibiyar ɗiyana, su bakwai. Huɗu sun riga ni."

Mai sayen kuwa, wani ɗan kasuwa, ya riga ya ce siminti zai malale tsakar gidan kaf.

Kwana biyu maigidana ba ya cin abincin kirki. A na uku ya rushe katangar gabas da hannunsa, katangar da ba abin da ya same ta, ya sake ɗora ta a karkace. Sai kusurwar, har da lallen, ta faɗa gidan da tsohuwar take. Ɗan kasuwa ya auna fili, ya zabge kuɗi.

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Awarwaro ɗaya aka iya fansowa. Ya miƙo mini shi, kansa a ƙasa, ya ce, "Ki yi haƙuri, ɗayan na can gindin lalle."

Ranar sallah tsohuwar ta aiko mini da garin lalle ƙulle a tsumma. Na ƙunsa a hannun da ba awarwaro. Har ya rasu ban sake tayar masa da zancen ba, kuma har yau ina kewar ganinsa da wando a naɗe.