Ƙwallayen Dabino a Ghuddwa

Ciwon suga ne ya ci ƙafar mahaifina kafin ya tafi da shi. Shi ya sa ranar da wani mai kantin magani a unguwar Gurda, a ƙasar Larabawan da muka je ci-rani, ya soki yatsana, ya dubi na'urarsa, ya ce ina bakin rami, ban ɗauki maganar da wasa ba. Na koma ɗakinmu a unguwar Manshiya na faɗa wa taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, wanda muka baro Damagaram tare.

"Bawana, kwantar da hankalinka," in ji shi, yana shafa tumbinsa. "Rejim za mu yi, mu ƙayyade cin abinci, ni da kai. Ni ma wannan tulun ya ishe ni."

A wayarsa ya samo tsarin. Ba burodi, ba makaroni, ba shinkafa, shayi ma ba sukari. Ba a sa komai a baki sai ruwa har azahar, daga magariba kuma a rufe baki. Muka tafa, ya ce in ya karya kada in sake gaishe shi.

Lokacin yankan dabino ne, sai muka sami aiki a wata gona a garin Ghuddwa. Mu biyun masu hawa ne, a nan ne aikin yake da daraja, na ƙasa kuwa tsinta da ɗaukar akwati ne nasu. Ka ji jarrabawa: mutum yana rataye tsakiyar zaƙi tun safe, hannunsa na danƙo, bakinsa a ɗaure.

Yunwar safe ban damu da ita ba. Abin da ya kayar da ni shi ne bayan cin abinci. Da azahar mu zauna a inuwa mu ci dafaffen ƙwai da kifin gwangwani da tumatir da man zaitun, kwano ɗaya. Ina tsame hannu sai jikina ya mutu murus. Ido ya yi nauyi, gwiwa ta saki, kai ya yi dum kamar an kifa mini ƙwarya. Shi kuwa gogan naka sai ya karkaɗe wando ya haye bishiya yana fito.

Abinci ɗaya, aiki ɗaya, jini ɗaya. To me ya sa ni kaɗai? Amsa guda ce take zuwar mini, ciwon Baba ya riga ya kama ni. Na tambaye shi ko shi ma yana jin kasalar.

"Ni? Garau nake. Kai dai rago ne tun asali, bawana."

Wata la'asar ina can sama, igiya a ƙuguna, gyangyaɗi ya fizge ni. Lauje ya kuɓuce ya faɗi dab da ƙafar mai gona. Bai yi faɗa ba, ya dai ce in sauko. Taubashina ya fi ni Larabci, shi ya yi bayani, na kuma tsinci abin da ya ce: ciwo ne na gado, babansa ma haka ya yi. Tun daga ranar aka mai da ni tsinta a ƙasa.

A ƙasan ne na gani. Ina durƙushe gindin bishiyar da ya hau, da hantsi, lokacin da bakinmu yake a rufe, sai wani abu ya faɗo mini a ƙeya. Ƙwallon dabino ne, a jiƙe, an tsotse shi tas. Wani ya sake faɗowa. Na dubi yashi, ga su nan birjik, sababbi da busassu. Na bi gindin bishiyoyin da ya hau jiya da shekaranjiya, duk haka. Wallahi ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan hantsin ba.

Da ya sauko na buɗe masa tafin hannuna. Ya duba, ya tuntsire da dariya har da riƙe ciki.

"Haba bawana, wa zai hau dabino da ƙwai a ciki? Tun ranar farko nake ci."

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Kai ne mai suga, ba ni ba. Da na faɗa da ka karya. Kuma wasa ne, ko an taɓa fushi da taubashi?"

Nan ya ɗaure ni. A al'adarmu taubashi ya zage ka, ya ɗauke maka hula, kai dai dariya ce taka. Masu tsinta ma dariyar suke yi, suna jira in taya su. Ban iya ba.

Daga baya mai kantin maganin ya sake auna ni, ya ce sugan ya sauka, kasalar kuwa ta aikin ƙarfi ce a jikin da bai saba ba. Ya ce in ƙara ruwa da ɗan gishiri, in daina cika ciki lokaci guda. Ta ragu. Amma mai gona bai sake ba ni igiya ba, ya riga ya ji kalmar gado.

Hawan na haƙura da shi. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne wata Juma'a kafin in ga ƙwallayen, da na kira matata a waya na ce mata ina jin ciwon Baba ya same ni, ta fara shirya zuciyarta. Ta yi ta kuka tana roƙon Allah Ya ba ni lafiya. Taubashina yana zaune gefena a tabarma ɗaya, yana jin muryarta sarai, ya ɗaga hannu yana cewa amin.